Na ga ana danne haƙƙin leburori: falsafar Sitowa shiru ta ce in yi?

Tambaya: "Malam, ina yi maka fatan alheri. Ni ma'aikacin lissafi ne a wani kamfanin gine-gine. Watannin baya na gano shugaban sashenmu yana rage wa leburori awannin ƙarin aikin da suka yi kafin a biya su, amma a takardar da ke tafiya babban ofis awannin a cike suke. Ka san inda ragowar take shiga. Ni nake sa hannu kafin takardar ta wuce. Damuwata ita ce, shi ya samo mini aikin nan, kuma da ɗana ya kwanta a asibiti shi ya tsaya mini. Ina da mata da 'ya'ya uku. Na ɗan karanta falsafar Sitowa, na ga suna cewa abin da ba ya hannunka ka rabu da shi. Halin maigidana ba ya hannuna. Ke nan in kawar da kai in samu kwanciyar hankali? In haka ne, me ya sa barci yake gagara ta?"

Ɗan'uwa, Allah ya ƙara wa yaron lafiya. In na fahimce ka, abu biyu ka dunƙule. Na farko, ko koyarwar nan ta Sitowa (tsohuwar makarantar falsafa ta Girkawa da Rumawa) ta raba abin da ke hannun mutum da wanda ba ya hannunsa ta ba ka izinin yin shiru. Na biyu, yaya za ka yi da mutumin da ya yi maka rana, alhali kana ganin yana cutar waɗanda ba su da bakin magana. Amsar ta farko gajeriya ce: ba ta ba ka ba. Ta biyun ce za ta ɗauke mu lokaci.

Na daɗe ina koyar da falsafar ɗabi'a, na kuma zauna a kwamitocin ladabtarwa na wurin aiki, don haka wannan fahimta da ka zo da ita ba baƙuwata ba ce. Yawancin masu saduwa da Sitowa a yau ta gajerun maganganun da ake yaɗawa a waya suke saduwa da ita, an tsinko jimla ɗaya an bar littafin. Sai mutum ya ɗauka makarantar "babu ruwana" ce.

Abin da Epiktetus ya lissafa

Zeno, mutumin Kitiyum a tsibirin Kubrus, shi ya kafa makarantar a birnin Atina wajen shekara ta 300 kafin Miladiyya. Littattafan malamanta na farko sun ɓace, sai guntaye. Abin da ya iso gare mu da yawa na mutum uku ne a zamanin Rumawa: Seneka, attajiri kuma mashawarcin Sarki Nero, Epiktetus, wanda aka haifa bawa ya zama malami, da Markus Aureliyus, wanda ya mulki daular Rum daga 161 zuwa 180 Miladiyya. Jimlar da ka karanta ta Epiktetus ce, da ita aka buɗe ɗan littafin da almajirinsa Ariyan ya tattara.

To amma bai tsaya a jimlar ba, ya kawo jerin abubuwa. A hannunmu, in ji shi, akwai hukuncin da muke yanke wa al'amura, da niyyarmu, da abin da muke so da wanda muke gudu, a taƙaice duk abin da yake aikinmu ne. Waɗanda ba sa hannunmu kuwa: jiki, dukiya, suna, da muƙami. Ɗauki wannan jeri ka ɗora shi a kan teburinka. Halin maigidanka ba ya hannunka, gaskiya ne. Amma sa hannun da kake yi duk ƙarshen wata a wane ɓangare ya faɗa? Aikinka ne, babu mai riƙe maka biro. Aikin da kake tsoron rasawa fa? Dukiya da muƙami ne, suna jeri na biyu. Wato abin da Epiktetus ya ce ka sassauta wa riƙo shi ne kujerarka. Kai kuma sai ka ƙanƙame kujerar ka saki sa hannun. Ina jin dalilin rashin barcin ke nan: ka juya koyarwar a bai-bai, zuciyarka kuma ta gane tun kafin kanka ya gane.

A wajen mutanen Sitowa, abu ɗaya ne alheri na haƙiƙa, shi ne kyawun hali, kuma sun kasa shi huɗu: hikima, adalci, jarumta da kamun kai. Lafiya da kuɗi da suna abubuwa ne da ya dace a nema, amma ba a sayen su da hali. A nan ɗalibaina masu wayo sukan taso mini da cewa, to in kuɗi ba alheri ba ne na haƙiƙa, ai leburan ma ba a cuce shi ba. Wannan wasa da hankali ne. Ma'anar adalci a wajensu ita ce ba kowa abin da yake nasa, kuma a kan irin waɗannan abubuwa na kuɗi da lada ake yin adalcin ko a kasa. Sisero, ɗan siyasa kuma marubucin Rum, wanda ya rubuta littafinsa kan wajibai a shekara ta 44 kafin Miladiyya yana bin sawun malamin Sitowa Fanaitiyus, ya ce mutum ya ƙaru ta hanyar tauye ɗan'uwansa ya fi saɓa wa ɗabi'ar ɗan'adam a kan talauci da ciwo, har ma da mutuwa. Rashin damuwa da asara darasi ne da mutum yake karanta wa kansa game da aljihunsa. Ba a karanta wa lebura shi game da guminsa. Markus Aureliyus ma ya rubuta wa kansa cewa sau da yawa wanda ya bar yin wani abu yakan yi zalunci, ba sai wanda ya aikata kaɗai ba.

Misalin da Epiktetus yake ba ɗalibansa na mutumin da ya fahimci wannan rabo shi ne Helbidiyus Priskus, ɗan majalisar dattawan Rum a zamanin Sarki Besfasiyan. Sarki ya aika masa kada ya zo majalisa. Ya amsa cewa sarki yana da ikon cire shi, amma muddin shi ɗan majalisa ne dole ya shiga. Sarki ya ce to ya shiga amma ya yi shiru. Ya ce kada a tambaye shi ra'ayinsa, zai yi shiru. Sarki ya ce dole ne a tambaye shi. Ya ce shi ma dole ne ya faɗi abin da ya ga daidai ne. Da aka yi masa barazanar kisa, sai ya ce yaushe ya taɓa cewa shi ba mai mutuwa ba ne, sarki ya yi nasa shi ma zai yi nasa. Daga baya kuwa an kashe shi. Ban kawo labarin don in ce ka je ka ba da wuyanka ba. Duba yadda ya yi rabon: bai ɗauki nauyin gyara sarki ba, bai kuma yarda a yi ƙarya da bakinsa ba. Har tayin yin shiru ya yi in ba a tambaye shi ba. Kai kuwa ana tambayar ka kowane wata, domin layin nan da ke ƙasan takarda tambaya ce: wannan lissafi daidai ne?

Ɗan kasuwar hatsi da ɗan ɓarawo

Kada ka ɗauka Sitowa suna da amsa a aljihu ga kowace matsala. Su da kansu sun yi ta jayayya, kuma Sisero ya adana mana wasu daga ciki. Ana yunwa a tsibirin Rodos, hatsi ya yi tsada. Wani ɗan kasuwa ya iso da jirgi cike daga Iskandariya, ya kuma san akwai jirage da yawa a bayansa da za su karya farashi. Ya faɗa wa mutanen gari, ko ya yi shiru ya sayar da tsada? Diyojinis na Babila, shugaban makarantar a zamaninsa, ya ce ba dole ba ne ya faɗa, muddin bai yi ƙarya ba kuma ya bayyana aibin kayansa yadda doka ta nema. Yin shiru daban, ɓoyewa daban. Almajirinsa Antifata na Tarsus ya ce sam, an halicce ka ne don ka amfani mutane, ta yaya za ka ɓoye musu sauƙin da ke tafe? Sisero ya goyi bayan almajirin. Ni ma nan na karkata, amma abin lura gare ka shi ne ko Diyojinis mai sassaucin ba zai cece ka ba, domin sharaɗinsa shi ne kada a yi ƙarya, sa hannu a kan lissafin da ka san ba haka yake ba kuwa shaida ce.

Mas'ala ta biyu ta fi kusa da abin da ke cin ranka. Wani malaminsu, Hekato, ya tambaya: in ɗa ya gano ubansa yana satar dukiyar ɗakin bauta ko yana haƙa rami zuwa baitulmali, zai kai ƙararsa? Ya ce a'a, har kāre shi zai yi in an tuhume shi. In kuma uban yana shirin cin amanar ƙasa ne? Ɗan zai roƙe shi ya bari; in bai ji ba ya tsawata masa; in ya ƙi ya yi masa barazana; in abin ya kai ga halakar jama'a, sai ya fifita jama'a a kan uban. Rabin farko na amsar nan ban yarda a ara maka shi ba. Maigidanka ba mahaifinka ba ne, ɗan da ke cikin misalin ba shi yake hatimce satar ba, kuma waɗanda ake cuta a wurinka mutane ne da ka san fuskokinsu. Amma akwai abu biyu da na ɗauka daga ciki. Zumunci da alheri suna da nauyi a ma'auni, wanda ya ce maka ka manta da abin da mutumin nan ya yi maka bai san Sitowa ba. Sannan akwai hawa-hawa: roƙo, tsawatarwa, gargaɗi, kai ƙara a ƙarshe.

Yadda zan bi da lamarin

Kafin komai, tabbatar. Sitowa suna horar da mutum kada ya yi saurin amincewa da abin da ya bayyana gare shi har sai ya gwada shi. Ka rubuto mini cewa na san inda ragowar take shiga. Ban sani ba, kuma ka tambayi kanka ko kai ma gani ka yi ko zato. A zaman kwamiti na ga lamarin da kowa ya rantse sata ce, sai ga shi bashin da ma'aikata suka karɓa tun farkon wata ake cirewa ba a rubuta shi yadda ya kamata ba. Na kuma ga wanda ya zo da gaskiya tsantsa amma ba takarda, sai ɗaga murya, aka tashi shi ne abin tuhuma. Ka gwada rajistar awanni ta wurin aiki da takardar biya da wadda ake aikawa babban ofis, wata bayan wata, ka rubuta ranaku da bambancin. Ka tsaya a kan takardun da aikinka ya ba ka damar gani, kada ka shiga aljihun teburin kowa ko kwamfutarsa.

In ya tabbata, shi za ka fara samu, a keɓe. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma na san wannan karin maganar ce take riƙe maka hannu. To amma wane aski? Ladan da ka ci ya wajabta maka ka je masa kafin kowa ya ji, ka rufa masa asiri gwargwadon iko, ka buɗe masa ƙofar gyara ya mayar wa mutane haƙƙinsu. Bai wajabta maka taya shi abin da zai iya kai shi kurkuku ba. Epiktetus ya ce kowane al'amari mariƙi biyu gare shi, ɗaya yana ɗaukuwa ɗaya ba ya ɗaukuwa: in ɗan'uwanka ya yi maka laifi kada ka kama ta wajen laifin, kama ta wajen cewa ɗan'uwanka ne. Don haka kada ka shiga da "na kama ka". Ka ce masa: Maigida, ban manta da abin da ka yi mini ba, shi ya sa na zo gare ka ban je wani wuri ba. Ga abin da na gani a lissafi. Daga wannan wata ba zan iya sa hannu a kansa haka ba.

Wannan jimla ta ƙarshe ita ce iyakar da ba na jin akwai ciniki a kanta. Sauran matakai ana iya duba lokaci da hali, amma ita a hannunka take ɗungurungum. In ya gyara, alhamdu lillahi. In ya ƙi, ko ya samo wani mai sa hannun, sai ka gaya masa a fili cewa za ka kai maganar gaba, sannan ka kai ta ta hanyar da kamfanin ya tanada, masu binciken kuɗi ko babban ofis, a rubuce, adadi da ranaku kawai, ba zagi ba hasashe. Wasu za su ce da ka daina sa hannu ka fita. Da kai kaɗai abin ya shafa, da na yarda. Amma leburorin za a ci gaba da rage musu, kuma kana cikin 'yan kaɗan da suka sani. Abin da ba zan ba ka shawara ba shi ne watsa maganar a intanet ko zuga leburori su tayar da rigima, domin su za a fara kora.

Fushi kuma ka yi hattara da shi, don yana zuwa sanye da rigar kishin gaskiya. Seneka ya rubuta littafi sukutum a kan fushi, ya ce babban maganinsa jinkiri ne, ya kuma kawo maganar Aflatun cewa mai hankali ba ya hukunta mutum don laifin da ya wuce sai don kada a sake. Sitowa suna ganin mai zalunci a matsayin wanda ya ɓata lissafi game da abin da zai amfane shi: ya ɗauka kuɗin nan riba ce, bai ga abin da ya biya ba. Wannan kallo ba ya soke hukunci, amma yana canza abin da kake nema. Burinka a biya leburori a kuma daina, ba ka ga maigidanka a wulaƙance ba. Ranar da ka ji kana jin daɗin tunanin faɗuwarsa, ba ranar rubuta takarda ba ce.

Sai shiri. Suna da al'adar zama su hango mummunan abin da zai iya faruwa tun bai zo ba, har Seneka ya shawarci abokinsa Lusiliyus ya riƙa ware 'yan kwanaki yana rayuwar talaka, ya tambayi kansa: wannan ne abin da nake tsoro? Ni nakan mayar da wannan aikin takarda da biro. In an kore ka, wata nawa abin da ka tara zai riƙe gidan? Wa zai iya ɗaukar ka aiki? Wane kashe kuɗi za a iya dakatarwa? Fara neman wani aikin tun yanzu ba ragwanci ba ne. Kuma ka zauna da maiɗakinka ka gaya mata komai kafin ka ɗaga ƙafa, domin da ita za a sha wahalar in ta zo.

Ba zan yi maka alƙawarin nasara ba. Misalin Sitowa shi ne maharbi: nasa ne ya gyara baka ya auna da kyau, amma da kibiya ta tashi iska ma tana da ta cewa. Rutiliyus Rufus, almajirin Fanaitiyus, ya kāre mutanen lardin Asiya na daular Rum daga zaluncin masu karɓar haraji, sakamakonsa shi ne aka ƙulla masa sharrin cin hanci a wajen shekara ta 92 kafin Miladiyya, ya ƙare rayuwarsa yana gudun hijira a cikin mutanen da aka ce ya cuta, su kuwa suka karɓe shi hannu bibbiyu. Haka kan iya faruwa da kai a ƙaramin ma'auni: a yarda da shi a ƙi ka.

Inda falsafar ta gaza, da inda nawa ya tsaya

Akwai wurin da ni kaina ba na jin daɗin Sitowa. Yana da sauƙi a ce albashi ba alheri ba ne na haƙiƙa, amma 'ya'yanka uku ba su karanta Epiktetus ba, kuma ciyar da su ma adalci ne da ke wuyanka. Makarantar ta san da wannan, tana cewa mutum yana da matsayi da yawa a lokaci guda, uba ne, ma'aikaci ne, maƙwabci ne, kowanne da haƙƙinsa, sai dai ba ta ba da sikelin auna su in sun yi karo ba. Shi ya sa na bar maka zaɓin lokaci da hanya. In kana bukatar 'yan makonni ka shirya kafin ka kai ƙara, ban ga laifinka ba. In makonnin suka zama shekara, ka san shirin ya koma suna kawai. Epiktetus ma da aka tambaye shi ko bawa ya yarda ya riƙe wa ubangidansa tukunyar fitsari, ƙin yanke hukunci ya yi, ya ce kai ka san darajar kanka da farashin da kake sayar da kanka, illa dai kada ka sayar da araha.

Kada kuma ka ɗauki mutanen nan waliyyai. A shekara ta 59 Miladiyya, bayan Nero ya sa an kashe mahaifiyarsa, masanin tarihi Tasitus ya ruwaito cewa Seneka ne ya tsara wasiƙar da aka aika majalisa don wanke sarki. A majalisar nan kuma wani mabiyin Sitowa, Tirasiya Faitus, ya tashi ya fice don kada ya sa baki a yabon. Makaranta ɗaya, al'amari ɗaya, ga yadda suka rabu, kuma dukansu Nero ne ya yi ajalinsu daga baya, ɗaya a 65 ɗaya a 66. Seneka ya yi rubutu mai daɗi kan kyautata wa bayi amma bai nemi a hana bauta ba, Markus ma da yake da mulki a hannu bai hana ba. Falsafar ta fi ƙwarewa wajen tsayar da mutum ɗaya a kan ƙafarsa fiye da gyara tsarin da ke haifar da zaluncin. Aƙidarsu game da Ubangiji da halitta kuma daban take da ta addinan da aka saukar, don haka ka ɗauke ta a matsayin horon tunani, hukuncin addini ka nema wurin malamansa.

Ni malamin falsafa ne, ba lauya ba, kuma ɓangare ɗaya na ji. Dokokin kāre mai fallasa almundahana sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, haka ma alhakin ma'aikacin lissafi a kan abin da ya sa wa hannu. Ka ga lauyan da ya san dokar ƙwadago, ko jami'in ƙungiyar ƙwadago in kuna da ita, kafin ka miƙa komai a rubuce.

Ka tambayi lauyan musamman game da takardun da ka riga ka sa wa hannu bayan ka gane abin da ke faruwa, domin za a zaro su, kuma maigidanka in ya ji wuta su zai fara nunawa. Ba za ka iya goge su ba. Abin da za ka iya shi ne ka riga kowa ambaton su: a takardar da za ka rubuta ka faɗi watan da ka fara lura, da watannin da ka ci gaba da sa hannu, da dalilin da ya sa ka yi jinkiri. Ka kuma haɗa lissafin abin da aka rage wa kowane lebura a waɗannan watanni, suna bayan suna, don in an tashi biya a san nawa ne kuma na wa.